Gaisuwar Taya

A kwanakin zaman makokin Kaka, abin da na fi lura da shi a ƙofar gidanmu na Limawa shi ne babura. Ban taɓa ganin sun taru haka a layinmu ba. Ina leƙensu ta tagar ɗakin Umma, sun jeru tun daga bakin zaure har gindin darbejiyar masallaci. Kuma na ga wani abu da ban ji kowa ya yi maganarsa ba. Wasu daga cikin masu zuwa gaisuwa, musamman dattawa, idan sun kafe babur sai su ɗan sunkuya su danna farcen babban yatsa a jikin taya, sannan su ƙarasa kan tabarma. Ina jin ba su ma san suna yi ba. A wurin Kaka suka ɗauka.

Kaka shi ne mahaifin Babanmu. Goggo, ƙanwar Baba, ta taho daga Haɗeja, tun daga zaure ta fara kuka, sai da Iya, matar Kaka, ta ce mata, "Ke, addu'a yake bukata, ba wannan ba." Mai facin bakin titi ya rufe rumfarsa ya wuni a kan tabarma. Wani tsohon Bafulatani ya zo da sandarsa, ya ce marigayi ne ya yi wa shanun mahaifinsa allura, kuma ko ruwa ake yi ko sanyi, in ya ce zai zo to zai zo. Baffa, ɗan'uwan Baba, wanda yake cikin waɗanda suka yi wa Kaka wanka, ya shigo cikin gida ya tsaya a gaban Iya, ya ce a hankali, "Iya, farcen nan yana nan."

Iya ta share ido da bakin mayafi. Ta ce, "Na yi fama da farcen nan har na gaji. To ya tafi da abinsa." Matan da ke zaune suka yi dariya, hawaye na zuba.

Mutum ɗaya ne bai yi kuka ba, bai yi dariya ba. Yayana, babban wanmu. Yana zaune a ƙarshen tabarma, in an ce masa "Ya haƙuri?" sai ya ɗaga kai kawai. Da na kai masa abinci ɗakinsa bayan magariba, bai dubi kwanon ba. Ya ce, kamar ba da ni yake ba, "Ya tafi ban gaishe shi ba. Ya tafi yana fushi da ni."

Akwai abin da na sani game da wannan. Na buɗe baki, sai ga abokansa sun yi sallama, na fito. Ni magana a gaban mutane tana yi mini nauyi. Shi ya sa Kaka yake kirana Malama Shiru.

Aikin Kaka a ƙuruciyarsa allurar dabbobi ne. A kan babur ya yi shi, ƙauye ƙauye, ruga ruga, har Garki da gaba da nan. Ni ban riski wannan ba. Na taso na same shi ya ajiye aiki, yana zama a ƙofar gida, da tsohon baburinsa a jingine da bango, da famfon iska a zaure wanda duk ɗan acaɓar da ya ga dama zai shigo ya ɗauka ba tare da ya tambaya ba. Da sanyi ya shigo yakan tare su ya ce, "Ku duba iska, sanyi yana shanye ta." Duk Juma'a yana yanke farce, amma na babban yatsan dama sai dai ya ɗan rage masa baki. Da shi yake gwada taya. In farcen ya ɗan shiga robar ta dawo a hankali, sai ya gyaɗa kai. In ya ƙi shiga, to mai babur ya shiga uku, domin Kaka bai iya raɗa ba. Liman ma bai tsira ba. Wata rana bayan sallar asuba, jama'a na fitowa, ya ce masa, "Malam, addu'arka tana da kyau, amma tayar bayanka ta suɗe."

Lokacin da nake firamare shi yake kai ni makaranta. In da sanyi ne, daga ƙofar gida har mu wuce masallaci, har mu hau kwalta, tafiya muke kamar a kan jaki. Yara masu tafiya a ƙafa suna yi mana dariya. Wata rana na daure na ce, "Kaka, za a dake ni a bakin ƙofa."

Ya ce, "Iye! Malama Shiru ta yi magana, yau za a yi ruwa. Bari taya ta gama gaisuwa."

Ya ci gaba, yana ɗaga murya saboda iska. "In kin je gidan mutum da sassafe, kina shiga za ki ce ba ni kaza? Ai sai kin ce ina kwana, ina gajiya, ya sanyi, ya yara. Ita ma taya ta kwana a sanyi, ta ƙandare. Titi ma ya kwana a sanyi. In kin matsa mata tun ba su gaisa ba, ba za ta riƙe shi ba, sai ta sake ku. Amma in sun ɗan yi hira ta ji ɗumi, shi ke nan, kin samu abokiyar tafiya."

Da muka isa ya ce in taɓa tayar. Na taɓa. Da ɗuminta, kamar bayan akuya. Daga ranar duk sanda ya sauke ni sai na taɓa, shi kuma ya tambaye ni, "Sun gaisa?" in gyaɗa kai.

Gaisuwa a gidanmu ba abin wasa ba ce. Bayan sallar asuba kowa, har Baba, sai ya je ƙofar ɗakin Kaka ya cire takalmi ya durƙusa. Kowa da irin amsar da yake samu. Yaya, da yake shi ne jikansa na fari, "abokina" yake ce masa, kuma a tsakaninsu tsiya ba ta ƙarewa. Yaya ya ce masa tsoho mai jaki, shi ya ce masa ɓarawon ƙosan Iya. Wasan kaka da jika ne, babu mai jin haushi.

Har zuwa ranar da Yaya ya sayi babban babur.

Aikin Yaya haɗa sola ne, yana sa wa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, ya daɗe yana tara wa baburin nan. Ja ne, irin wanda mai tuƙi yake kwantawa a kan tanki, tayar bayansa da faɗi kamar ta mota. In ya tayar da shi kajin layinmu sai su watse. Kaka ya sa masa suna Kura. Tayoyin da ya zo da su 'yan gwanjo ne, kusan babu zane a jikinsu, sumul. Yaya kuwa da su ya fi alfahari, ya ce irinsu ake tsere da su a ƙasashen waje.

Da la'asar abokansa sun kewaye babur suna ɗaukar hoto, sai ga Kaka ya taso da sandarsa. Ina daga zaure ina tsintar shinkafa. Ya zagaya sau ɗaya, ya sunkuya, ya danna farce. Ya sake dannawa. Sannan ya ƙwanƙwasa tayar da bayan yatsa.

Ya ce, "Wannan ai faranti ne. A kai wa Iyarku ta zuba tuwo."

Aka yi dariya. Yaya ma ya yi. Ya ce, "Tsoho, wannan fa ba jakinka ba ne. Da irin tayar nan ake kwanciya a kwana har gwiwa ta taɓa ƙasa."

"Na gani a wayar Baffanka," in ji Kaka. "Na kuma ga kafin su hau sai sun lulluɓa mata bargo mai wuta ta yi zafi. Kai wa zai lulluɓa maka? Kai da bargon kwananka ma har yau uwarka ce ke wanke maka."

Wannan karon dariyar ta yi yawa. Wani har ya zauna a ƙasa. Wani ya ce, "Mai Faranti!" Na ga kunnen Yaya ya motsa, yadda yake yi in ya cije haƙori. Kafin a jima sunan ya bi shi har unguwar Takur, har ƙannen yarinyar da yake nema suna kiransa da shi in ya je zance.

Washegari bai zo gaisuwa ba. Jibi ma haka. Ya koma fita tun Kaka bai dawo daga masallaci ba. Baba ya yi masa faɗa, ya ce "to", bai canja ba. Na ji Iya tana ce wa Kaka, "Malam, kai ma ka yi yawa."

"Wasa nake da jikana."

"A cikin gida wasa ne. A gaban abokansa ba wasa ba ne."

Kaka ya jawo kasko gabansa. Ya yi ta juya garwashin da tsinke, alhali wutar ba ta bukatar juyi.

Farkon sanyi ne, an gama yankan gero, raɓa tana kwana a kan kwalta. Wata safiya Yaya ya fita da gudunsa, a shataletalen hanyar Takur ya kwantar da babur zai sha kwana, tayar gaba ta tafi ta bar shi. Allah Ya taƙaita, babu mota a bayansa. Ya turo babur ta bayan layi ya shigar da shi kangon da ke jikin gidanmu, ya rufe da tamfol. Bai gaya wa kowa ba. Ni na gane ne da na ga ya koma sa riga mai dogon hannu, kuma da na jiƙa kayan wanki ruwan ya yi ja. Bayan kwana biyu na hango shi ta saman katanga ya yaye tamfol ya hau babur. Bai tayar ba. Ya kama birki, ya sake shi. Ya sauka ya mayar da tamfol. Daga nan ya koma bin motar haya.

A lokacin tari ya riga ya kama Kaka, ya daina fita masallaci. Ina hura masa kasko wata safiya ya ce, "Kura ta daina kuka."

Na ci gaba da fifita.

"Shirunki ya gaya mini. Ya karya ƙashi?"

Na girgiza kai.

"Alhamdu lillahi," ya ce, ya rufe ido. Na jira in ji ya ce ai ya faɗa. Bai ce ba, ranar ko wata rana.

Da Yaya ya tafi aikin kwanaki a wani ƙauye, Kaka ya sa Baffa ya kira masa wani mai sayar da taya, ɗan wani tsohon amininsa, mai sarowa daga Kano. Mutumin ya zo da iri uku, ya jera su a gaban tabarmar Kaka a hantsi.

Kaka ya ce, "Ɗana, ni irin waɗannan manyan ban san su ba, ban taɓa hawa ba. Abin da na sani sanyi ne, da titinmu. Kai ka san su. Gaya mini gaskiya."

Mutumin ya ɗaga ta farko, mai ɗan zane kaɗan. "Baba, wannan 'yar'uwar ta tsere ce. In ta yi zafi babu mai riƙonta. Amma sai an gudu sosai take zafi, da sanyin safiya kamar katako take. Samari ita suke so."

"Ajiye ta can."

Ya ɗaga ta biyu. "Wannan kuma tauri gare ta. Ba ta cinyewa da wuri. Za ta daɗe, Baba."

Kaka ya yi tari, ya sha ruwa. Ya ce, "Ni ba tayar nake so ta daɗe ba. Yaron nake so ya daɗe."

Ta uku zanenta ya fi yawa, yana tafiya a karkace har gefe. Mutumin ya ce don titi aka yi ta, tana ɗaukar ɗumi da wuri, zanen yana korar ruwa da raɓa, tsakiyarta da ɗan ƙarfi, gefenta kuma da laushi saboda kwana. Ya ce, "Danna ka ji, Baba."

Kaka ya ƙi. Ya ce, "A rana kowace taya kirki gare ta. Bar mini su su kwana a waje. Gobe da asuba zan ji halinsu."

Mutumin ya dubi Baffa, Baffa ya ɗaga kafaɗa. Haka tayoyin nan suka kwana a fili a bayan madafin Iya, tana ta mitar an tare mata hanya. Da asuba, sanyi na shiga ƙashi, Kaka ya fito lulluɓe da bargo, ya dafa kafaɗata. Na haska masa da fitilar waya. Ya danna ta farko, farce ya zame. Ya danna ta biyu, ko gezau. Ya danna gefen ta uku, ya bar yatsan a wurin, ya daɗe. Sannan ya sa na karanta masa ƙananan lambobin da ke jikinta, waɗanda mai tayar ya ce suna nuna shekarar da aka yi ta, domin roba ma tana tsufa ko ba a hau ta ba. Da ya ji ba tsohuwa ba ce ya ce, "Ita ce. A kawo ta gaba da ta baya iri ɗaya, kada a haɗa masa waɗanda ba su san juna ba. Kuma kada wanda ya ce ni ne."

A ɗakin Yaya aka ajiye su. Da ya dawo ya kira ni ya ce, "Wa ya kawo?" Na dubi ƙasa. Ya dubi tayoyin. Sai na ga ya sunkuya ya danna farce a gefen ɗaya, ya zauna a bakin katifa, bai sake tambayata ba.

Ya kai wa mai faci aka sa su. Amma babur ya ci gaba da kwana a kango, kuma Yaya bai zo gaisuwa ba. Yanzu ba fushi ba ne. Na ji yana ce wa Umma, "Da wane ido zan dube shi? Bari in fara hawa tukuna, in je in dawo, sai in shiga in ce masa ta riƙe." Umma ta ce, "Kai dai ka shiga. Tsoho ne, kuma ba shi da lafiya." Ya ce gobe.

Safiyar da Kaka zai rasu an tashi da sanyi mai tsanani. Iya ta tafi dama kunu, ni ce a ɗakin ina fifita kasko. Ta ƙarƙashin labule na ga ƙafafun Yaya sun zo sun tsaya. Ya cire takalmi ɗaya. Kaka ya yi wani dogon tari. Ƙafar ta daɗe a kan siminti, sannan ta koma cikin takalmin, suka juya.

Jim kaɗan sai muka ji an tayar da Kura a kango.

Kaka ya buɗe ido. Ya ɗaga yatsa, alamar in daina fifita. Da can in Yaya ya tayar, kafin ka ƙifta ido ya kai titi, sai dai ƙarar ta dawo maka daga jikin duwatsu. Ranar kuwa ƙarar ƙasa ƙasa take. Ta fito daga kango a hankali. Ta wuce ƙofar gida a hankali. Ko kaza ɗaya ba ta yi kuka ba. Muna jinta ta kai masallaci, ta hau kwalta, ba ta ƙara ba, har ta yi nisa ta ɓace.

Kaka ya yi murmushi. Ya ce, "Kin ji shi? Gaisuwa yake yi."

Sai ya juya kansa wajen ƙofa, inda Yaya yake durƙusawa, ya ce da irin muryar da yake amsa masa kullum, "Lafiya lau, abokina. Ya sanyi? Madalla. Allah Ya yi maka albarka. Allah Ya tsare hanya."

Kafin azahar ya cika. Aka kira Yaya a waya yana Garki wurin aiki, ya iso ana shirin yi wa Kaka salla.

Sai da aka yi sadakar uku, baƙi suka ragu, sannan na samu Yaya shi kaɗai. Da safe ne, na sa kayan makaranta. Yana kango a zaune kan bulo kusa da babur, wanda bai sake taɓawa ba tun ranar. Na tsaya a bayansa, domin in ina ganin fuskarsa ba zan iya ba. Na gaya masa duka, tun daga takalmin.

Bai juyo ba. Ya ce, "Sake faɗa. Yadda ya faɗa."

Na sake.

"Abokina ya ce?"

"Abokina ya ce."

Ya kifa goshinsa a kan kujerar babur. Kafaɗunsa suka yi ta motsi. Wannan ne kukan da bai yi ba a kan tabarma, kuma na tsaya har ya gama. Sannan ya share fuska da hannun riga, ya danna farce a tayar gaba, ya danna a ta baya. Ya ce, "Ɗauko jakarki, kin makara." Ya kifa mini hular kwanonsa.

Duk wanda ya zo mana gaisuwa yakan ce Allah Ya sanyaya makwancinsa. Da farko in na ji sai in tuna yadda Kaka yake kaffa-kaffa da sanyi. Amma na san wannan sanyin daban ne, na rahama ne, kuma ina cewa amin. Allah Ya gafarta maka, Kaka, Ya yafe maka kaifin harshenka saboda taushin zuciyarka, Ya sa ka isa lafiya kamar yadda ka so kowa ya isa.

Mun fito daga kango kamar a kan jaki. A gindin darbejiyar masallaci wani abokin Yaya yana shan shayi, ya ɗaga murya ya ce, "Mai Faranti, mai ne ya ƙare?"

Yaya ya ɗaga masa hannu, bai ƙara gudu ba. Ya ce, "Gaisawa muke."

A ƙofar makaranta na sauka, na miƙa masa hular. Har na juya, sai na dawo na sa tafin hannuna a kan tayar baya. Yaya yana kallona ta madubi, yana jira.

Da ɗuminta. Na gyaɗa masa kai.